AMSOSHIN WASIƘUNKU: Takardar Neman Aikin Ba Da Shawara Kan Abinci Mai Gina Jiki

  

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo, manomi, mai kai wake da gero kasuwar Dawanau. Ya ce 'yarsa ta gama ƙaramar difiloma a fannin abinci mai gina jiki, ta kuma yi aikin sa kai fiye da shekara guda a ƙaramin asibitin garinsu. Sau uku tana aika takardar neman aiki, ko amsa ba a yi mata ba. To, sai ga wani mutum a birni ya ce a kawo Naira dubu 80 zai gyara mata takardar, ya rubuta cewa ta yi aikin shekara biyar a wata ƙungiya, kuma wai ya san wani a ciki. Malam ya ce har ya ware buhun waken da zai sayar, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ya sa yake neman shawara.

To Malam, mun gode da wasiƙa. Amsa ta farko ita ce, mayar da wakenka rumbu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu ɗaukar irin wannan aiki sukan buga waya wurin da mutum ya ce ya yi aiki su tambaya. Ran da aka gano shekara biyar ɗin nan ta bogi ce, aikin ya tafi, sunan yarinyar ya ɓaci, wake kuma an riga an ci. Sa'an nan ƙungiyoyin kirki ba sa karɓar ko kwabo a hannun mai neman aiki, da yawansu ma sukan rubuta haka a ƙasan tallar aikin. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗin fom ko na goro, a yi hattara da shi.

Yanzu bari mu zo kan takardar. Takardu biyu ne. Akwai wasiƙar neman aiki, wadda ba ta wuce shafi ɗaya. Akwai kuma takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira Si-Bi. Ita ce kamar samfurin hatsin da ɗan kasuwa ke ɗiba a tafin hannu ya nuna wa mai saye. Idan samfurin da tsakuwa, ba wanda zai ce a kwance buhu. Kada ta wuce shafi biyu, domin mai dubawa yana da tulin takardu a gabansa, kallo ɗaya zai yi ya ajiye ko ya ware.

Daga nan da ke nake, 'yata. A saman takarda ki sa cikakken sunanki, daidai yadda yake a takardun makaranta da katin ɗan ƙasa. Idan a wata takardar an rubuta sunan mahaifi, a wata kuma sunan gari, je kotu ki yi takardar rantsuwa tun yanzu. Sai garin da kike zaune, da lambar wayar da ke hannunki ke kanki kuma take kunne, da adireshin imel. Sau da yawa an kira mutum intabiyu, wayar tana hannun yayansa a gona, magana ta wuce.

Bayan haka sai layi biyu ko uku da ke faɗin ko ke wace ce a wajen aiki: mai difiloma a fannin kaza, wadda ta yi shekara guda tana auna yara da koyar da iyaye mata, mai jin Hausa da Turanci. Idan kina jin Fulatanci ko Barbarci, kada ki ɓoye, domin a wannan aiki harshen uwar yaro ya fi dogon Turanci amfani.

Sai karatu. Ki fara da na ƙarshe ki gangaro baya: sunan makaranta, shaidar da aka ba ki, da shekara. Duk wata bita da kika halarta aka ba ki takarda, ki sa ta a nan.

To ga inda maganar take, wato aikin da kika taɓa yi. Malam ya ce abin da kika rubuta a nan layi ɗaya ne tak, wai "na yi aikin sa kai a asibiti". Haba 'yata! Shekara guda cur ki dunƙule ta a layi ɗaya? Ai ina jin nan ne takardarki ta faɗi. Zauna ki tuna abin da hannunki ya yi, ki jera shi ɗaya bayan ɗaya.

Kin auna damtsen yara da tef ɗin nan mai launi uku? Ki rubuta, ki kuma nuna kin san ma'anarsa: ana auna yara 'yan wata 6 zuwa 59, abin da ya gaza santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, daga 12.5 zuwa sama kuwa kore. Kin danna ƙafafun yaro don duba kumburi? Kin ɗora yara a sikeli kin cika kati da rajista? Kin raba abincin nan na leda da ake yi da gyaɗa, madara, sukari da mai, kin kuma gwada ko yaro na iya ci kafin a sallame shi gida? Kin tura masu kumburi sosai ko waɗanda suka kasa cin abinci babban asibiti? Kin koya wa mata shayar da nono zalla har wata 6, ba ruwa ba tsimi, da ci gaba da shayarwa har shekara 2? Kin nuna masu yadda ake haɗa garin kunu da gero ko dawa, waken soya da gyaɗa? Kin shiga makon lafiyar mata da yara kin ɗiga sinadarin bitamin A? Kowanne daga cikin waɗannan layi ne mai zaman kansa.

Kuma ki sa lissafi, irin na gaskiya. Maimakon "na auna yara da yawa", ki ce yara kaza a kowace ranar awo, ƙauyuka kaza, mata kaza a kowane zama. Kada ki ƙirƙira. Koma asibitin ki roƙi shugaban wurin ku duba rajista tare, ki kuma nemi ya ba ki takardar shaida mai hatimi cewa kin yi aiki daga wata kaza zuwa wata kaza. Wannan takarda ta fi ƙaryar dubu 80 ɗin nan daraja nesa ba kusa ba.

Jama'a, wannan aiki ba ƙarami ba ne. Shi wannan abincin leda a Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar 2005 an yi amfani da shi sosai a jihar Maraɗi ta Nijar. A Nijeriya an soma shirin jinyar tamowa daga gida a 2009, a jihohin Gombe da Kebbi, tare da taimakon UNICEF. Dabarar ita ce uwa ta karɓi abinci ta tafi gida, ta dawo awo mako-mako, ba sai an kwantar da kowane yaro ba. Saboda haka mai ɗaukar aiki yana neman wanda uwa za ta yarda da maganarsa, wanda kuma rajistarsa ba ta ƙarya.

A ƙarshen takarda sai masu tsaya miki, mutum biyu ko uku, da muƙaminsu da lambar wayarsu. Ki sa malamin da ya koyar da ke da shugaban asibitin da kika yi aiki. Ban da kawu, ban da baffa. Kuma ki nemi izininsu tukuna, kada a kira mutum ya ce wace ce haka.

Akwai wata gaskiya da ba zan ɓoye maku ba. Muƙamin babban mai ba da shawara galibi ana neman mai digiri ko babbar difiloma, da takardar bautar ƙasa, da shekarun aiki. Mai ƙaramar difiloma ba ya zuwa bautar ƙasa. Don haka ki karanta tallar aiki da kyau, ki nemi wanda ya yi daidai da takardunki, kamar mataimakiyar jami'in abinci ko mai wayar da kan al'umma. Mai yiwuwa wannan na cikin abin da ya sa aka yi shiru sau uku. Da rarrafe yaro kan tashi. Kina aiki kina ƙaro karatu, wata rana ke za a nema.

A Nijeriya da Turanci ake rubuta wannan takarda, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa da Faransanci. Ki fara rubutawa da hannu, sa'an nan ki kai shagon kwamfuta a buga, amma ki zauna kusa da mai bugawa. Wasunsu sukan ɗauko takardar wani su sauya suna kawai, har a ga mace an rubuta mata namiji. Ki ba wani malami ya duba kuskure. Kowane aiki ki ɗan gyara takardar ta dace da abin da suka nema, ki aika kafin ranar rufewa. Takardunki na asali kuwa su zauna a akwati, hoton takardun ake aikawa, na asalin sai ranar intabiyu.

Malam, naka aikin shi ne kuɗin mota da na buga takarda, da addu'a. Kai da ka noma waken soya da gyaɗa da hannunka, ka kuma ba 'yarka ilimin sarrafa su don ceton 'ya'yan jama'a, ai ka yi mai wuyar. Idan an kira ta, ku rubuto mana mu taya ku shirin intabiyu.

Saura wasiƙu sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya ba masu nema sa'a. Ku huta lafiya.