Tsuntsun Gilbert da Kuramen Ƙasar Makarfi



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, ashe har tsuntsu ya isa a tara mutane dominsa, alhali ba a gama da matsalar abinci da ta ruwan sha ba? Tambayar tana bisa hanya, kuma ina fata kafin mu tashi za ku sami amsarta. Zan fara da wani tsuntsu da ke can bisa duwatsun iyakar Nijeriya da Kamaru, sa'an nan in komo da ku gida, watau Dandamisa da ƙauyukan da ke tsakanin Makarfi da Ikara da Kudan, domin a nan ne maganar ta shafe mu.

A cikin shekarar 1949, wani likita mutumin Sikotilan mai suna William Serle, wanda ke aikin asibiti a zamanin mulkin Turawa, ya bayyana wa masana wani tsuntsu da ba a taɓa rubuta labarinsa ba, wanda aka samo a Dutsen Kupe, kudu maso yammacin Kamaru. Ya raɗa masa suna Kupeornis gilberti. Kalmar farko ma'anarta tsuntsun Kupe. Ta biyu kuwa sunan Gilbert Nkwocha ce, wani ɗan Nijeriya da ya daɗe yana aiki da Serle, yana samo masa tsuntsaye yana gyara fatunsu don ajiya. Saboda haka zan riƙa kiransa tsuntsun Gilbert.

Tsawonsa ya ɗan ɗara santimita 20. Fuskarsa da maƙogwaronsa da ƙirjinsa farare ne, sauran jikin kuwa ƙasa-ƙasa ne mai ratsin ja. Ba ya yawo shi kaɗai. Ƙungiya suke yi, wani lokaci har goma ko fiye, suna bin rassa suna tonon gansakuka don neman ƙwari, suna ta surutu ba ƙaƙƙautawa. Ba a samunsa sai a kurmin kan dutse, daga wajen mita 950 zuwa mita 2,100 bisa teku. A Kamaru yana Kupe da Bakossi da Rumpi. A Nijeriya kuwa mazauninsa tudun Obudu ne, cikin Jihar Kuros Riba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

A ƙarƙashinsa, cikin sarƙaƙiyar gindin itatuwa da bakin ƙoramu, akwai wani maƙwabcinsa mai tokar ƙirji, wanda masana ke kira Kakamega poliothorax. Shi wannan an fi jin muryarsa da ganinsa, don ba ya barin duhuwa. Abin mamaki game da shi shi ne, akwai shi a Obudu da duwatsun Kamaru da tsibirin Bioko, daga nan ba a sake ganinsa sai an tsallake fiye da kilomita 2,000, an kai gabashin Kwango da Ruwanda da Uganda da kurmin Kakamega na Kenya. To, yaya tsuntsun da ba ya ko son ƙetare fili ya rabu gida biyu haka?

Bayanin da masana da yawa suka bayar yana cikin tarihin yanayi. Duk sa'ad da mutum ya hau tudu mita 1,000, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. A zamanan da duniya ta fi yanzu sanyi, wanda na baya-bayan nan ya kai matuƙa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, tsirran kan dutse sun gangaro ƙasa sun bazu. Da zafi ya komo sai suka janye zuwa ƙwanƙolin duwatsu, tsuntsayensu suka bi su. Watau kowane kurmin kan dutse ya zama kamar tsibiri, sai dai abin da ya kewaye shi ciyawa ce da gonaki da zafi, ba ruwa ba. A 1967 Robert MacArthur da Edward Wilson na Amurka suka fitar da nazarinsu a kan halittun tsibirai, inda suka nuna cewa yawan irin halittun da wuri zai iya riƙewa ya dogara ga faɗinsa da nisansa daga wani wuri irinsa. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne, in wuri ya rasa kashi tara cikin goma na faɗinsa, a ƙarshe zai rasa wajen rabin ire-iren halittunsa. Wanda kuma ya ƙare a tsibiri, babu inda wani zai fito ya maye gurbinsa.

Yanzu bari mu duba yadda irin wannan kurmi ke mutuwa, domin ba kullum ne ake jin ƙarar gatari ba. An kafa gidan kiwon shanu a Obudu a 1951, kuma kuramen da ke can ƙanana ne, sun maƙale a kwaruruka, ciyawa ta kewaye su. Kowace rani akan sa wa ciyawa wuta don sabon toho ya fito, wutar kuwa takan ci gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Shanu sukan shiga neman inuwa da ruwa, su tattake 'ya'yan itatuwa. Mai neman itacen girki da mai neman sabuwar gona sukan fara da ƙananan itatuwa, don su ne masu sauƙin sara. Manyan itatuwa suna nan tsaye, wanda ya hango daga nesa sai ya ce kurmi lafiya lau. Amma fa gindinsa ya zama fili, iska da rana sun shiga, ganyen da ke ruɓewa a ƙasa ya bushe, ƙwari sun ragu, tsuntsun sarƙaƙiya ya rasa abinci da wurin sheƙa. Kurmin da babu ƙananan itatuwa a cikinsa kamar gari ne mai tsofaffi babu yara. Yana nan a ido, amma kwanansa ƙidayayye ne.

To, mu komo gida. A 2018, bayan binciken ƙwayoyin gado, masana da yawa suka mai da tsuntsun Gilbert cikin dangin da ake kira Turdoides. Wannan dangi kuwa muna da shi a bayan gidajenmu. Duk wanda ya tashi a Dandamisa ko Kudan ya san tsuntsayen nan masu launin toka-toka da ke yawo su shida ko takwas a gindin shinge, suna birkita busasshen ganye, in ɗaya ya fara kuka sai duk su ɗauka kamar ana faɗa a kasuwa. Su ne Turdoides plebejus, kuma har taya juna ciyar da 'ya'ya suke yi. Su ba su da tsarguwa, gefen gona ma ya ishe su. Amma suna da ɗan'uwa mai baƙin kai da farin ido, Turdoides reinwardtii, wanda ya fi son duhuwar kurmin bakin rafi. Shi ne tsuntsun Gilbert ɗinmu, kuramenmu kuma su ne tsibiranmu.

Ƙasar Makarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara kuma da tumatir, kuma duk arzikin nan a fadama yake. Ba laifi ba ne manomi ya so ƙara kadada, ko makiyayi ya kai shanunsa ruwa. Amma idan aka share gaɓar rafi ƙarƙaf, aka kawar da malmo da kanya da ɗinya da sarƙaƙiyar da ke gindinsu, an cire abin da ke riƙe ƙasar gaɓa, an kuma cire abin da ke rage gudun ruwan sama har ya nutse cikin ƙasa. Sai gaɓa ta zabtare, yashi ya cike rafi, rijiyar fadama ta ƙafe tun kafin bazara. Ga amsar tambayar da muka fara da ita. Ranar da aka daina jin mai baƙin kai a wani kurmi, a fara lissafin kwanakin ruwan wurin. Hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ina da roƙo ga ma'aikata. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara, saboda haka alƙalami yana hannunku. In za a ba da fadama, a bar ɗan zirin daji a kowace gaɓa, da ƙananan itatuwansa, ba manyan kaɗai ba. A keɓe wa shanu mashaya sananniya, tare da shawarar dagatai da arɗo-arɗo, a kuma kiyaye burtali don kada a tilasta musu ratsa kurmi. In ƙuna ta zama dole, a yi ta da ɗaukewar damina, sa'ad da ciyawa ke da sauran laima, kada a bari sai ta bushe ƙayau. Malamin daji kuma ya taka iyakar gandunsa da ƙafa, ya leƙa gindin itatuwa, domin gandun da ke cikin fayil ba ya riƙe ruwa.

Ku kuma ɗalibai, wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. An kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, kuma Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello a wancan zamani, a kewayen Zariya ya yi binciken da ya sa aka san shi. Abin da ake bukata littafi ne da fensir da haƙuri. In kun je hutu, ku zaɓi kurmi ɗaya, ku rubuta tsuntsayen da kuka gani da ranar da kuka gan su, ku tambayi dattawa da mafarauta sunan kowanne da abin da suke gani a da wanda yanzu babu. Ku maimaita baɗi. Gilbert Nkwocha da ido da naci ya yi aikinsa, ga shi yau duk inda aka ambaci wannan tsuntsu sai an ambace shi.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.