Fure Mai Ƙamshin Kanumfari a Zafin Gumel: Zai Rayu Kuwa?

Yau maganar fure za mu yi. Eh, fure. Na san wani zai ce ana fama da tsadar gero wa ke ta fure? Ka dai saurara, kuɗinka nake jiye maka.

Akwai wani fure da matasa ke gani a Instagram suna sha'awa, sunansa Dianthus. Wasu irinsa ƙamshinsu sak na kanumfari. Matsalar ita ce ɗan sanyi ne. Kolombiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi kasuwar duniya, a tuddan Bogota masu sanyi take noma shi. Mu kuwa nan Gumel da Maigatari, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Ka dasa shi a Maris, wallahi ka yi asara.

In dai ranka ya biya, jira hunturu. Dasa shi a Nuwamba cikin tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Rairayin nan namu ya dace da shi, don ba ya riƙe ruwa, shi kuwa ba abin da ke kashe shi kamar saiwarsa ta kwana a jiƙe. Gauraya da ruɓaɓɓen taki kaɗan, ajiye inda zai samu ranar safe, kada ka ƙara ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Furen da ya yi yaushi ka tsinke, wani zai fito. Kuma ka shinshina kafin ka biya, domin irin zamani da yawa kyau ne kawai, babu ƙamshi. Bazara na shigowa, ku yi sallama.

Ni dai da za a bi tawa, kusa da tukunyar nan a kafa lalle. Mun saba da ganyensa a hannun amare har mun manta yana fure, fari ƙanana, mai ƙamshin da kan cika tsakar gida da yamma. A garin Kannauj na Indiya har turare ake yi da shi. Reshe kawai za ka yanko da damina ka soka a ƙasa, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ya kama, zafin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya tsorata shi. Sai dai 'yan'uwa mata, a riƙa bar masa wasu rassan ba a yanke ba, a kansu furen yake fitowa.

Wanda ya gwada ya turo mana hoto. Sai mun haɗu a shiri na gaba.