Ƙarfen da doka ke kira bindiga

Yau Amurka za mu leƙa. Da yawanmu mun saba ganin bidiyon Amurkawa a YouTube suna harhaɗa bindigar AR-15 a kan tebur kamar masu gyaran waya, har mutum ya ɗauka can babu doka. To akwai ta, kuma ƙarfe ɗaya ta riƙe.

AR-15, wadda Eugene Stoner ya ƙera a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, gida biyu ce. Na sama yana ɗauke da bututu. Na ƙasa, wanda suke kira lowa risiba, shi ke riƙe da kunama da mariƙi da gidan harsashi, kuma a jikinsa ake buga lamba. A idon dokar tarayya wannan na ƙasan shi ne bindigar. Bututu kana iya saye a aiko maka har gida, amma lowa sai ta hannun dila mai lasisi, bayan an binciki tarihinka.

Wanda yake son bindiga mai gajeren bututu kuwa, nan aikin ya ƙaru. Dokar makamai ta 1934, wadda ta biyo bayan zamanin 'yan dabar Chicago irin su Al Capone, a yadda aka gyara ta daga baya, ta ce duk bindiga irin AR-15 da bututunta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman. Aka sa harajin dala 200, kuɗi mai nauyi sosai a wancan lokacin. Mutum zai cike takardar hukumar ATF, ya haɗa da hoto da zanen yatsu, ya jira amincewa. Sannan a zana sunansa da garinsa da jiharsa a jikin ƙarfen. Idan zai tsallaka da ita wata jiha, sai ya sake neman izini. Wanda ya haɗa ta babu rajista yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10. Wasu jihohi kamar New York ma sun hana gaba ɗaya.

Shi ya sa zaɓen lowa ya zama kamar zaɓen matar aure, ba a yin sa da gaggawa. Rajistar tana bin lambar ƙarfen nan. Bututu ana canzawa, mariƙi ana canzawa, amma idan lowa ya tsage, sabon da za ka saya sai ka sake bin layi tun daga farko. Don haka mafi yawansu sukan ɗauki na alminiyam samfurin 7075 wanda aka buga da matsi, saboda ƙarko da arha, kuma kayan kasuwa suna shiga jikinsa ba gardama. Wanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam ya fi kyan gani, ya fi tsada. Na roba ba shi da nauyi, amma mutane ba su cika son ɗaura rajistar dindindin a kansa ba.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ƙasar da ta fi kowace yawan bindiga a hannun farar hula ma ta nace sai ƙarfen ya ɗauki lamba da suna. Idan aka tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, lambar nan ce ke kai masu bincike ga dilan da ya sayar da ita da wanda ya fara saye.

Mu a Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko ƙera ta babu lasisi, don haka kada bidiyo ya ruɗi wani ya jefa kansa gidan yari. Tambayar da ya kamata mu matasa mu riƙa yi wa hukumomi ita ce: bindigogin da ake ƙwacewa a dazukan Zamfara da Katsina, ana bin lambobinsu a gano ta inda suka shigo? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.