Wa Ke Biyan Masu Gadin Ƙirƙirarriyar Basira?

An gayyace ni in yi magana kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira, amma ku yi mini afuwa, ni aljihu zan leƙa. Akwai masana da aikinsu shi ne binciken yadda za a hana waɗannan na'urori kuɓucewa daga hannun mutum ko zama makamin miyagu. Tambayata ita ce, wa ke ciyar da su?

A watan Janairun 2015 Elon Musk ya bai wa cibiyar Future of Life Institute dala miliyan 10, aka rarraba mafi yawansu ga ƙungiyoyin bincike 37. A lokacin kuɗi ne masu yawa, don fagen bai wuce mutane kaɗan a jami'o'in Amurka da Ingila ba. Daga nan babbar rijiyar da kowa ke ɗiba ta zama Open Philanthropy, wadda dukiyar Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, da matarsa Cari Tuna ke riƙe da ita. Ita ta tallafa wa cibiyar Farfesa Stuart Russell a Berkeley a 2016. A 2017 kuma ta ba OpenAI, mai ƙera irin waɗannan na'urori, dala miliyan 30, shugabanta Holden Karnofsky ya sami kujera a majalisar gudanarwar kamfanin. Ku lura da wannan: mai ba da kuɗin gadi yana zaune a zauren wanda ake gadi.

Sai mu zo kan abin da ya fi damuna. A Fabrairun 2022 Sam Bankman-Fried, attajirin kuɗin kirifto, ya buɗe asusun FTX Future Fund, ya shiga rabon tallafi kamar ruwan Agusta. Ku ɗauki matashin da ya ajiye aikinsa, ya kama hayar ofis, ya ɗauki mataimaka biyu, duk bisa takardar alƙawari. Wata tara kacal, a Nuwamba, kamfaninsa FTX ya durƙushe. Ma'aikatan asusun suka yi murabus gaba ɗaya, suna cewa akwai alƙawura da yawa da ba za a iya cikawa ba. Waɗanda kuɗin ya riga ya shiga hannunsu ma ba su tsira ba, don masu kula da karayar kamfanin sun bi sawu suna neman a maido. Shi kuwa mai gayya an yanke masa shekara 25 a kurkuku a 2024. Binciken bai yi laifin komai ba, jinginar ce ta kasance a bango ɗaya.

Wani zai ce to kamfanonin su biya da kansu mana. An gwada. A Yulin 2023 OpenAI ya yi alƙawarin ware kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin kwamfutocinsa ga wannan aiki har shekara huɗu. Ba a cika shekara ba ƙungiyar da ya kafa don aikin ta watse, shugabanninta Ilya Sutskever da Jan Leike suka bar kamfanin. Gwamnatoci sun shigo a makare, Birtaniya ce ta yi gaba da kafa cibiyarta ta wannan bincike bayan taron da aka yi kan haɗarin a Bletchley Park a Nuwamban 2023.

Ba ina cewa masu bayarwa mugaye ba ne. Da ba su buɗe bakin jaka ba, da fagen bai tsaya da ƙafarsa ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai kuɗi ne ke zaɓar haɗarin da za a bincika, kuma abin da ke hana attajirin Kalifoniya barci ba lallai ya zama abin da zai fara taɓa mu ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Brown sun fassara miyagun tambayoyi zuwa harsuna irin su Zulu, suka miƙa wa GPT-4 na OpenAI, sai ga shi yana amsa mafi yawan abin da yake ƙi da Turanci. Shingen da Turanci aka kafa shi. Ku da ke sashen Hausa da sashen kwamfuta a wannan zaure, bene ɗaya ne tsakaninku, kuma irin wannan gwaji ba ya bukatar dala miliyan 30. Shugaban taro, na ga kana duba agogo, a buɗe fagen tambayoyi.