WANE NE ƊAN GIDA, WANE NE BAƘO A KUƊIN JAMI'A?

 

Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan abin da iyaye ke tararwa ne idan sun je biyan kuɗin rajistar jami'a. Sai ka ga yara biyu, unguwarsu ɗaya a nan birnin Katsina, ajinsu ɗaya tun firamare, amma kuɗin da aka yanka wa wannan ya fi na wancan. Mene ne dalili?

Dalili shi ne jami'o'in jihohi, har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da gwamnatin Katsina ta kafa a 2006, suna kasa ɗalibai kashi uku: ɗan asalin jiha, da ɗan wata jiha, da ɗan ƙasar waje. Na farko shi ke biyan mafi ƙaranci. Hujjar hukuma kuwa ita ce, da dukiyar jiha aka gina makarantar, saboda haka 'ya'yanta suka fi cancantar rangwame. Wannan magana ce mai kama hankali.

To amma da me ake gane ɗan jiha? Da takardar shaidar asali, wadda ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar ke bayarwa. Ita kuwa wannan takarda ba ta tambayar inda aka haife ka ko shekarun da ka yi a gari. Tushen mahaifinka take bi. Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garinsa na asali a sashe na 42, amma a sashe na 318 ya danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni.

Ku dubi abin da wannan ya haifar. Kafin 1987 mutumin Zariya da na Katsina 'yan jiha ɗaya ne, wato Kaduna. Yau jikan Bazazzagin da ya yi shekara 50 yana kasuwanci a nan, yana biyan haraji, baƙo ne a wurin biyan kuɗi. Ɗan Maraɗi kuwa, wanda mai yiwuwa kakanninsa daga wannan birni suka tashi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, sunansa ɗan ƙasar waje.

Akwai ƙasashen da ma'auninsu ya bambanta da namu. A Ingila, tun 1980 aka ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin karatu. Na 'yan gida kuwa gwamnati ke ƙayyade shi: fam 9,250 a shekara daga 2017, sannan fam 9,535 a 2025. Amma su zama suke dubawa. Babban sharaɗinsu shi ne ɗalibi ya kasance yana da izinin zama na dindindin, kuma ya zauna ƙasar shekara 3 kafin ya fara karatu, ba don neman ilmi kawai ba. Don haka Bakatsinen da ya cika wannan sharaɗi sai ya biya kuɗin ɗan gida, mai fasfon Birtaniya da ya tashi a Nijeriya kuwa ana iya lissafa shi cikin baƙi.

Ya ku 'yan'uwa, ga inda hatsarin yake. Idan nauyi ya yi wa uba yawa, sai wani ya raɗa masa cewa ya nemo wa yaro takardar ƙaramar hukumar da ba tasa ba, a canza sunan kaka, a sami mai tsaya masa shaida. Mu ji tsoron Allah! Wannan shaidar zur ce, kuma danganta mutum ga wanda ba ubansa ba babban zunubi ne. Ban da haka, idan asiri ya tonu ana iya korar yaron bayan ya ɓata shekaru. Tsadar kuɗi ba ta halatta ƙarya.

Hanyar gyara a fili take. Na farko, uba ya tambayi rukunin da ɗansa zai faɗa da abin da zai biya tun kafin a cike fom ɗin JAMB. Na biyu, mawadatanmu su ɗauki nauyin ɗaliban da wannan bambanci ya danne, ba tare da tambayar garin kakansu ba. Na uku, mu yi kira ga 'yan majalisar jiharmu, cikin ladabi da hujja, su sanya haihuwa da daɗewar zama cikin ma'aunin rangwame. Wanda ya taya mu gina gari, bai kamata ɗansa ya zama baƙo a ƙofar makarantarsa ba.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, amin.