Amsar Tambaya: Yaro Zai Iya Zuwa Abuja A Keke Shi Kaɗai?

Takardarmu ta yau ta fito daga hannun wani dattijo, manomin riɗi a ƙasar Sule Tankarkar. Ya ce ɗansa ya ji labarin wani tseren keke da ake yi a Amurka, ya tashi haiƙan wai shi ma sai ya hau keke daga Gumel zuwa Abuja shi kaɗai, don ya yi suna. Yana tambaya, shin gaskiya ne akwai wannan tsere, kuma ya bar yaron ya tafi ko ya hana shi?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya bar zumunci. Tseren dai gaskiya ne. Sunansa Race Across America, watau tseren ratsa Amurka daga gaɓar teku ta yamma zuwa ta gabas. An fara shi a 1982 da mutum huɗu kacal, wani mai suna Lon Haldeman ya ci, cikin kwana 9 da sa'a 20. Tsawon hanyar wajen kilomita 4,800 ne. In kana son ka gane nisan, daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, ka ga ke nan kamar mutum ya je Kano ya komo har sau ashirin. Kwana 12 ake ba mahayi ya gama, kuma agogo ba ya tsayawa, ko barci kake yi ana lissafa maka. A 2014 wani mutumin ƙasar Ostiriya, Christoph Strasser, ya gama cikin kwana 7 da sa'a 15 da minti 56, watau fiye da kilomita 600 kowace rana.

Amma fa ga inda aka gutsure wa ɗanka labarin. Mahayin ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ayari guda ne ke biye da shi cikin motoci, galibi mutum takwas zuwa goma sha biyu: direbobi, da mai gyaran keke, da mai dafa abinci, da mai tausa, sau da yawa har da likita. Dokar tseren ma ta ce in dare ya yi, dole mota ta bi bayansa dab da dab tana haska masa hanya. Dattawanmu da suka ji labarin fataken Gwanja sun san wannan tsari: ga madugu, ga jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. Ba a taɓa jin falke ya ɗauki hanyar goro shi ɗaya don nuna jarunta ba.

Me ya sa sai da ayari? Domin ba ƙafa ce ke fara gazawa ba, kai ne. Manyan mahayan barcin sa'a ɗaya ko biyu suke yi a kwana. In aka kwana huɗu ko biyar a haka, sai mutum ya fara gane-gane, ya ga itace ya ce mutum ne, ya manta inda ya dosa. Jure Robič, sojan ƙasar Sulobeniya da ya ci tseren sau biyar, ya sha sauka daga keke yana faɗa da abin da babu shi. A wannan hali 'yan ayari su ne hankalinsa. Su ke rubuta ruwan da ya sha da abincin da ya ci, su ke cewa kwanta, su ke tashe shi. Mai gajiya ba ya jin ƙishirwa yadda ya kamata, ga shi a cikin zafi jiki kan zubar da gumi lita guda ko fiye a sa'a, har da gishirin jiki. Sai wani ya miƙa masa gora tun bai nema ba.

Akwai kuma wuya. A 1983 wuyan wani mahayi, Michael Shermer, ya saki bayan ya yi wajen mil 2,000, kansa ya riƙa faɗuwa kan ƙirji, sai da ya tallafe haɓarsa da hannu. Har yau sunansa ake kiran ciwon da shi. Kuma duk da wannan shiri, an yi rashin rai a 2003 da 2005, duka biyun karo da mota ne.

Ni kaina na ɗanɗana kaɗan. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Gagarawa, sarƙar kekena ta tsinke da tsakar rana a watan Afrilu, ba ruwa a hannuna, ba mai faci kusa. Wani mai amalanke ne ya tsince ni a gindin aduwa, harshena ya bushe kamar ƙirgi. Tafiyar ko kilomita ashirin ba ta kai ba.

Saboda haka Malam, ra'ayina kada ka hana shi da tsawa, yaron yanzu in ka matsa masa sai ka wayi gari ka ga ba shi ba keken. Gindaya masa sharaɗi. Abuja ta haura kilomita 500 daga Gumel, to ya fara gwada kansa a gida. Ranar Alhamis ya ci kasuwar Maigatari a keke ya komo. In ya saba, ya haɗa Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, kwana biyu ko uku a jere, domin rana ta biyu ita ke tona asirin mahayi, sa'ad da sirdi ya gurje shi gwiwa kuma ta yi tsami. Ya bari sai an kai amfanin gona gida sanyi ya shigo. Tafiyar bazara kam, a'a.

Sharaɗin da ba sassauci a kansa shi ne abokin tafiya. Ba ka da motoci uku irin na Turawa, amma ba za a rasa wa ko ƙane mai babur ba. Shi zai ɗauki jarkar ruwa, da ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti, da ƙuli-ƙuli da dabino, da famfo da sholisho da tayar canji. Ya riƙa lura da yaron: in fitsarinsa ya yi ja, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ko keken ya soma tangaɗi, a nemi inuwa a sauka. Rana na faɗuwa a yada zango, don titin Kano zuwa Kaduna da manyan motoci da dare ba wurin mai keke ba ne. Kuma tun a gabanka za a yanke cewa in mai babur ya ce a tsaya, an tsaya ke nan, ko saura kilomita goma a shiga Abuja. In yaron ya ce bai yarda da wannan ba, to ka kulle keken a ɗaki, ka ce ni na ce.