Matan Kayan na Duwatsun Tailan da Zoben Wuyansu



Yau zan ɗan kauce wa fagen da aka saba jina a ciki, watau nazarin Hausa, in kai ku wata ƙasa mai nisa. A shekarar 2019 wani taron masana harsuna ya kai ni birnin Ciyan Mai da ke arewacin Tailan. Da aka tashi taro sai na ga bai kamata in dawo gida ba tare da na ga mutanen da ake kira Kayan ba, waɗanda matansu ke naɗa zoben tagulla a wuya.

Daga Ciyan Mai zuwa garin Me Hon Son, kusa da iyakar Bama, tafiyar kamar awa shida ce a mota, kusan duk a cikin duwatsu. Tsakanin Ciyan Mai da garin Pai kaɗai, an ce akwai kwana 762 a kan hanya. Wanda ya taɓa hawa Mambila zai ɗan gane abin da nake nufi. Mota na ta lanƙwasa, ga dutse a dama, ga rami a hagu, hazo kuma ya rufe kwari har rana ta ɗaga. Don haka ne ma ake yi wa Me Hon Son kirari da garin hazo uku. Daga can sai kwalekwale mai inji a kogin Pai, zuwa ƙauyen Huwai Pu Ken.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Kayan ba 'yan Tailan ba ne asali. Ƙasarsu tana cikin Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, a yankin jihar Kaya da kudancin jihar Shan. Ita ce Bamar nan da kakanninmu suka je yaƙi, ko da yake su a yammacin ƙasar suka fafata. Harshensu dangin harsunan Karen ne. A littattafan Turawa za ku ga an rubuta Padaun, amma wannan suna maƙwabtansu Shan ne suka laƙaba musu, su kuwa sun fi son Kayan. Mu da muka san yadda kalmar Haɓe ta shiga littattafai ba ma bukatar dogon bayani a nan. Yaƙi tsakanin sojan Bama da 'yan tawaye shi ya koro waɗansunsu suka ƙetaro iyaka wajen ƙarshen shekarun 1980.

Ƙauyen kansa layi ɗaya ne, da gidajen gora da katako a kan dirkoki. A ƙofar kowane gida akwai rumfa, mace na zaune tana saƙa gyale, ga waɗanda ta gama a rataye don sayarwa. Kafin baƙo ya shiga sai ya biya kuɗi.

To, zoben. A gaskiya ba zobba ba ne da yawa, sandar tagulla ce guda doguwa da ake naɗewa a wuya. Ana fara sa wa yarinya tun tana kamar shekara biyar, in ta ƙara girma a kwance a naɗa wadda ta fi tsawo. Mai kallo sai ya rantse wuya ne ya miƙe, amma hoton ƙashi na asibiti ya nuna ba haka ba ne: nauyin tagullar ne ke danna ƙashin kafaɗa da haƙarƙarin sama su yi ƙasa. Zancen da ake yaɗawa cewa in an cire zoben wuya zai karye, wannan ƙarya ce. Mata da dama sun cire suna nan lafiya, sai dai wuya ya yi rauni na ɗan lokaci. Game da dalilin al'adar, waɗansu sun ce don tsoron cizon damisa ne, waɗansu don a hana masu kamun bayi sha'awarsu, waɗansu kuma sun danganta ta da tatsuniyarsu mai cewa wata macijiyar almara ce uwar kabilar. Ni da na tambayi wata dattijuwa ta bakin tafinta, cewa ta yi uwarta ta sa, kuma yana da kyau. Lalle amsar da kakata za ta bayar ke nan da an tambaye ta dalilin tsagar fuskarta.

Inda abin ya dame ni shi ne nan. Tailan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Shekara da shekaru yawancin mutanen nan ba su da takardar zama 'yan ƙasa, ba su da gonar kansu, ba su kuma da izinin fita lardin su nemi aiki. Abin da ya rage musu su sayar shi ne kallonsu. Ba kuwa yau aka fara ba, domin tun a shekarun 1930 masu wasan nishaɗi na Batiram Mils sun yi yawo da matan Kayan a Ingila, suna tallarsu da sunan mata masu wuyan raƙumin dawa. A 2008 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta kwatanta ƙauyukan da gidan namun daji na mutane, sa'ad da aka hana waɗansu iyalai takardar fita alhali ƙasashe irin su Niyuzilan sun yarda su karɓe su. Akwai 'yan matan da suka cire zobensu don nuna fushi a kan haka.

Duk da haka ba zan ce kada a je ba. Kuɗin gyalen nan shi ke sayen shinkafa. Da annobar korona ta tsai da baƙi a 2020, cinikin ya mutu, waɗansu suka koma Bama. Juyin mulkin soja na 2021 kuma ya sake hura wutar yaƙi a jihar Kaya, har mutane da yawa suka bar Loikau, babban birninta.

Ni dai na sayi gyale biyu a wurin dattijuwar. Da na ɗauko abin ɗaukar hoto sai ta gyara zama, ta daidaita kai, ta yi murmushi tun ban roƙa ba, irin na wanda ya yi haka sau dubu. Jikarta kuwa na gefe cikin kayan makaranta, wuyanta ba kome, tana rubutu da harshen Tai.